Darasi na Sha Ɗaya: Saita Ma'aunin Jijjiga Mara Waya a Jikin Inji

Duk wanda ya yi koyon aiki a hannun tsohon makaniki a wata masana'anta ta Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri ya san wannan al'ada. Maigida zai zo wurin inji yana cikin aiki, ya ɗora bakin doguwar sukundireba a kan gidan boris, ya kafa kunne a ƙotarta, ya yi tsit. In ya ɗago kai ya ce, "Yaro, a nemo boris, wannan ba zai kai salla ba," to da wuya ya kai.

Abin da kunnensa ke kamawa jijjiga ce. Kowane inji mai juyawa yana jijjiga, sai dai lafiyayye da irin tasa, mai ciwo da irin tasa. Ciwon boris ko na giya yakan bayyana a jijjiga makonni, wani lokaci watanni, kafin ƙarfe ya ɗau zafi ko hayaƙi ya tashi. Amma maigida mutum ɗaya ne. Ba zai tsaya a kan inji arba'in da ƙarfe uku na dare ba, ba kullum zai hau saman rumbu wurin fankar zuƙe ƙura ba, kuma ran da ya ajiye aiki da kunnensa zai tafi gida.

Wannan giɓi ne ma'aunin jijjiga mara waya ya zo cikewa. Ɗan dunƙule ne kamar ƙaramin gwangwanin madara. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen abin jin motsi, da ma'aunin zafi, da batir, da rediyo. Yawancin lokacinsa barci yake yi don tattalin batir. In lokacin da aka ɗibar masa ya yi sai ya farka, ya saurari inji na sakan ɗaya ko biyu, ya aika abin da ya ji zuwa wani akwati da za mu riƙa kira matattara, ita kuma ta miƙa wa kwamfuta ko wayar mai kula da gyara.

Inda maigida ya fi shi shi ne sanin injin. Ya san gudunsa, ya san kukansa tun ranar da aka kafa shi, ya san lokacin da yake ɗauke da kaya da lokacin da yake juyawa hannu rabbana. Shi kuwa ma'auni, in an fito da shi daga kwali bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai kun zauna kun sanar da shi. Abin da ake nufi da saitawa ke nan. In aka yi sakaci da ita, lambobi za su yi ta zuwa kullum gwanin sha'awa a kan allo, inji kuma ya lalace ana kallo.

Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshen darasi: famfon ruwa da moton lantarki mai kilowat 30 ke juyawa kai tsaye, an ɗaure su da noti a kan dandamalin kankare. Irinsa na nan birjik a gidajen ruwa, da kamfanonin casar shinkafa, da na jima.

Gudun inji

Kafin ku taɓa ma'aunin, ku ɗauki littafi ku je wurin moton. A jikinsa akwai ɗan allon ƙarfe da kamfanin da ya ƙera shi ya buga bayani a kai. Ku goge maiƙo da ƙura, ku kwafi ƙarfinsa, da gudunsa, da lambar boris ɗinsa, wadda takan zo kamar 6312. Daga littafin famfo kuma ku nemo yawan fukafukan da ke tura ruwa. In akwai giya, ku nemo yawan haƙoranta.

A jikin namu an rubuta 1470, wato juyi 1470 a minti. Wutar Najeriya da ta Nijar tana kaɗawa sau 50 a sakan, wadda ga moto mai kusurwar maganaɗisu huɗu take ba da juyi 1500, amma nauyin kaya yakan ɗan ja shi baya. Ku raba 1470 gida 60, ku sami 24.5. Yawan maimaituwar abu a sakan ɗaya shi ake kira haz, ana rubuta shi Hz. Don haka shaf ɗin famfonmu yana juyawa a 24.5 Hz. Ku ja wa wannan lamba layi biyu, domin kusan duk abin da za mu saita daga gare ta zai fito.

Ga dalili. Kwamfuta tana da wani lissafi da ake kira FFT, wanda ke tankaɗe jijjiga ya ware kowane haz da ƙarfinsa, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Abin da ya fito ana zana shi a allo, tsini-tsini, mu kira shi zanen rabe-rabe. Kowane ciwo da gurbin da tsininsa ke fitowa. In nauyin abin da ke juyawa ya rinjaya gefe ɗaya, kamar fuffuke ya gutsure ko ƙurar hunturu ta daskare a gefen fanka, tsini zai tashi a 24.5. In shaf ɗin moto da na famfo ba su miƙe a layi ɗaya ba, sau da yawa za a ga ninkinsa, 49, tare da jijjiga mai bin tsawon shaf. In noti ya kwance ko boris ya yi wa gidansa sako-sako, tsinaye kan jeru: 24.5, 49, 73.5, 98, har gaba. Fukafukai shida suna bugun ruwa a 147. Matsalar da ta fito daga wutar moton kanta takan zauna a 100, ninkin 50.

Boris shi ne mai wuyar sha'ani, don lambobinsa ba sa faɗawa daidai a kan ninkin gudu. In kun shigar da lambarsa, manhaja za ta lissafa muku. In babu, akwai ƙiyasin da masu aikin ke yi: yawan ƙwallaye sau gudu sau 0.4 don ciwon zoben waje, sau 0.6 don na zoben ciki. Boris mai ƙwallo takwas a famfonmu zai ba da wajen 78 da wajen 118.

Wani abu da littattafan da ke zuwa tare da na'urorin ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa dole mu damu, shi ne janareta. In an ɗauke wuta aka koma kansa, kuma kaya suka danne shi ya sauko daga 50 zuwa 48, moton ma zai sauko zuwa wajen 23.5 Hz, duk tsinaye su gusa. Wanda ya ce wa manhaja ta sa ido tsakanin 24 da 25 kaɗai, ranar nan ba zai ga komai ba. Ku buɗa tazarar, kamar daga 22 zuwa 26. In kuma moton yana kan na'urar sauya gudu, wajibi ne gudun kowane lokaci ya riƙa shiga manhaja tare da awon.

Inda za a dasa shi

Na taɓa tarar da ma'auni a wani kamfanin casar shinkafa an manna shi a kan murfin fankar bayan moto, saboda nan ne wuri mai laushi da hannu ke kaiwa cikin sauƙi. Wata uku yana aiko gargaɗi, har mutane suka daina dubawa. Murfin nan siririn kwano ne, kaɗawarsa daban da ta inji. Boris ɗin da aka sayi ma'aunin dominsa ba a taɓa jin sa ba ko sau ɗaya. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, don kuɗi ne masu yawa aka kashe, kuma ma'aikatan wurin sun fita da ra'ayin cewa na'urar banza ce.

Ƙarfin duk abin da ke juyawa ta boris yake bi ya shiga gangar jikin inji. Saboda haka wurin ma'auni shi ne ƙarfe mai kauri na gidan boris, kusa da boris ɗin iyakar iyawa, inda babu gasket ko wata gaɓa tsakaninsu. Ban da murfi, ban da haƙarƙarin sanyaya moto, ban da akwatin wayoyi. A famfonmu wurare huɗu ne, kuma ana ƙirga su daga bayan moto: 1 gefen fanka, 2 gefen shaf, 3 boris ɗin famfo na kusa da mahaɗin shaf ɗinsa da na moto, 4 na can ƙarshe. In kuɗi bai kai na huɗu ba, ni na 2 da na 3 nake fara rufewa, don nan wahalar mahaɗi take sauka.

Yadda aka ɗaure shi ma magana ce babba. Mafi inganci shi ne a daidaita fuskar ƙarfen ta yi sumul, a huda, a yi zare, a ɗaure ma'aunin da ƙusa mai zare gwargwadon ƙarfin da kamfaninsa ya faɗa, da ɗan maiƙo kaɗan tsakanin fuskokin biyu. In ba a yarda a huda ba, sai a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a wanke maiƙo, a manna ɗan faifan ƙarfe da gam mai ƙarfi na ifoksi, a bar shi ya bushe sosai, sannan a ɗaura ma'aunin a kansa. Maganaɗisu na gwajin yini ɗaya ne. Irin mai ƙafa biyu ba a cika dogara da abin da ya ji ba in an haura wajen 2000 Hz, alhali farkon ciwon boris can sama yake fara raɗa. Ga shi kuma mai shara na iya ture shi ya mayar a karkace.

Kafin huda ko kankara, a kashe inji, a sa kwaɗo a makunninsa, makulli yana aljihun mai aikin. A auna kaurin ƙarfen kada bakin mahudi ya faɗa wa boris. Inda kuma ƙurar fulawa ko ta sukari ko tururin mai ke tashi, ba a dasa kowace na'ura mai batir sai wadda ke ɗauke da tambarin Ex, shaidar an ƙera ta yadda ba za ta tada gobara ba.

Yawancin ma'aunan nan suna ji ta fuska uku, an yi musu alamar X da Y da Z a jiki. Ku juya shi har ɗaya ta bi tsawon shaf, ɗaya ta kwanta, ɗaya ta miƙe tsaye, ku rubuta wacce ce wacce, ku gaya wa manhaja, ku ɗauki hoto. In aka musanya su, rashin miƙewar shaf zai zo da kamannin rinjayen nauyi, a je a yi gyaran da ba shi ne ba. Sunan da za ku ba shi a manhaja kuma ya zama wanda baƙo zai gane: "Famfo na biyu, moto, gefen shaf." Lambar da aka buga a jikinsa ba suna ba ce.

Abin da zai auna

Awo iri biyu ne za ku fi aiki da su. Na farko saurin jijjiga, a milimita cikin sakan, ana rubuta mm/s, yawanci da harufan RMS a gaba, ma'ana matsakaicin ƙarfinta. Shi ke nuna lafiyar inji gaba ɗaya: rinjaye, karkata, kwancewa. Ƙa'idar duniya ta ISO 20816, wadda ta gaji ISO 10816, ta ce a auna shi tsakanin 10 da 1000 Hz ga injin da ya haura juyi 600 a minti, a fara daga 2 Hz ga wanda ke tsakanin 120 da 600. Na biyu shi ne fizga, ana auna ta da g, ita ce ke kama ƙananan bugun da ƙwallon boris ke yi in ya bi ta kan tabo. Ku kunna duka biyun. In manhajar tana da awo na musamman don boris, wanda ke tsamo waɗannan bugu daga cikin hayaniya, shi ma ku kunna.

Daga nan za a tambaye ku abu biyu: iyakar haz da yawan layuka. Mu ce kun zaɓi iyaka 1000 Hz. Don a ji jijjiga daidai dole a ɗauki samfurinta fiye da ninki biyu na haz ɗinta, kuma a al'adar wannan aiki sau 2.56 ake yi, wato samfuri 2560 a sakan. Layuka su ne ramukan rariya. In kun raba iyaka da yawan layuka za ku san ƙanƙantar abin da za a iya bambancewa. Layi 400 zai ba da 2.5 Hz. Layi 1600 zai ba da 0.625 Hz, ya ɗauki sakan 1.6, ya tara samfuri 4096.

Ku koma kan famfonmu ku ga amfanin wannan. Kwancewar noti tana da tsini a 98, matsalar wuta tana da nata a 100. Tazararsu 2 Hz ce kacal. Da layi 400 za su narke su zama tsini ɗaya, ba ku san ko makaniki za ku kira ko mai gyaran wuta ba. Da layi 1600 kowanne zai tsaya daban.

Sai dai kowane ƙarin layi batir yake ci. Samfuri 4096 ta fuska uku ya haura bayit 24,000, kuma aikawa ta fi aunawa shan batir. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba: dunƙulallun lambobi, wato mm/s da g da zafi, su riƙa zuwa kowane rabin awa ko awa guda, cikakken zanen rabe-rabe sau ɗaya a yini, da kuma duk lokacin da wata lamba ta tsallake iyaka. Shekarun batir da aka rubuta a kwali an lissafa su ne a kan wata tazarar aikawa da wani zafi da aka zaɓa. Moton da ke aiki a rumfar kwano cikin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ba zai ba ku waɗannan shekaru cif ba. Ku tanadi batir tun ba a buƙace shi ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada ku manta da gaya masa yadda zai gane inji na aiki. Ku auna jijjiga inji yana tsaye, maƙwabtansa na juyi, ku sake aunawa yana aiki, ku sa iyakar farkawa a tsakanin biyun. In ba haka ba awon injin da ke kashe zai gauraya da na gaske, ya ja matsakaici ƙasa, a ɗauka lafiya ce.

Akwai injinan da wannan na'ura ba tasu ba ce. Tanderun siminti irin na Ashaka ko Kalambaina ko Malbaza 'yan juyi kaɗan yake yi a minti, jijjigar gudunsa ta yi ƙasa da abin da ƙananan ma'aunan nan ke ji da kyau. Manyan injinan samar da wuta irin na Kainji da Shiroro kuwa suna buƙatar kariyar da ba ta barci, mai waya, wadda za ta kashe inji nan take. Ma'aunin da ke farkawa awa-awa ba zai yi wannan gadi ba.

Hanyar saƙo

Rediyon ya danganta da abin da aka saya. WirelessHART da ISA100.11a suna aiki a 2.4 GHz, kuma ma'aunai suna iya miƙa wa juna saƙo hannu da hannu har ya kai matattara. A WirelessHART ana so kowane ma'auni ya sami maƙwabta aƙalla uku da yake ji, don in hanya ɗaya ta toshe ya bi wata. Za ku shigar da lambar zauren sadarwar da mabuɗin shiga, iri ɗaya da na matattara. Bluetooth na gajeren zango ne. LoRaWAN yana cin nisa yana ratsa gini, amma cikinsa ƙarami ne: saƙo ɗaya bai fi bayit 200 da 'yan kai ba, in nisa ya yi yawa ya sauko zuwa 51. Cikakken awonmu na ɗazu sai an yanka shi fiye da gida 100, shi ya sa irin waɗannan ma'aunai suke yin lissafi a cikinsu su aiko da sakamako kawai. Wurin saye ku duba zango: wanda aka yi don Amurka a 915 MHz ba zai yi magana da matattarar 868 MHz ba. Ku kuma tabbatar hukumar sadarwa, NCC a Najeriya ko ARCEP a Nijar, ta amince da kayan.

Ƙarfe abokin gabar rediyo ne, masana'anta kuwa ƙarfe ce ko'ina. Ku ɗaga matattara sama, nesa da tankuna da bangon kwano, ku gwada ƙarfin sigina a daidai inda ma'auni zai zauna, inji yana aiki, ƙofofi a rufe. Lambar tana zuwa da alamar ragi, don haka -60 ya fi -90 ƙarfi. Ku haɗa matattara da batirin ko-ta-kwana saboda ɗauke wuta, ku daidaita agogonta, ku canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko.

Iyakar gargaɗi

Ƙa'idar ISO ta kasa lafiyar inji gida huɗu. A sabon inji ne, B ana iya ci gaba da aiki ba fargaba, C a yi aiki na ɗan lokaci kafin gyara, D jijjigar na iya yin ɓarna. Ga inji mai kilowat 15 zuwa 300 a kan tushe mai tauri, kamar motonmu, iyakokin su ne 1.4 da 2.8 da 4.5 mm/s. In tushen mai lanƙwasa ne, kamar wanda aka ɗora a kan roba ko sifirin, sai su koma 2.3 da 4.5 da 7.1.

Kada ku kwafe su ku zuba kawai. Ku bar ma'auni ya yi sati biyu zuwa huɗu yana sauraro, inji yana aikinsa na yau da kullum, a wutar gari da ta janareta, bayan kun tabbatar an sa giris, an ɗaure noti, shaf ya miƙe. Matsakaicin abin da ya tara shi ne awon lafiyar wannan inji, kamar yadda maigida ya riƙe kukansa na ranar farko. Ƙa'idar ta ba da shawarar a ɗora kashi 25 cikin 100 na iyakar B a kan wannan awo. In famfonmu ya zauna a 1.6, rubu'in 2.8 shi ne 0.7, gargaɗi ya zama 2.3. Kada ya haura 3.5, wato 2.8 sau 1.25. Iyakar tsayar da inji kuma kada ta haura 5.6, wato 4.5 sau 1.25. Famfon da ya tashi daga 1.0 zuwa 2.2 cikin sati ɗaya ya fi tada mini hankali a kan wanda ya shekara a 2.6 bai motsa ba, ko da yake duka biyun suna gidan B.

Ku sa sharaɗin sai awo biyu ko uku a jere sun tsallake kafin saƙo ya fita, don kada bugun guduma a kusa ya tashi mutum da tsakar dare. Ku rubuta sunan wanda saƙon zai je wa, da abin da zai yi in ya samu, da wanda zai maye gurbinsa ran hutu. Duk ran da aka canza boris ko aka sake miƙe shaf, a rubuta a manhaja, a ɗauki sabon awon lafiya.

Aikin yi

Ku nemi izini a wurin aikinku ko wata masana'anta ta kusa, ku zaɓi moto ɗaya mai juya famfo ko fanka. Ku kwafi allon jikinsa, ku lissafa gudunsa a haz, da ninkinsa na biyu da na huɗu, da bugun fukafukansa. Ku zana injin a takarda, ku sa lamba a kowane boris, ku nuna inda za ku dasa ma'auni da inda kowace fuska za ta kalla, ku faɗi dalilin da ya sa kuka ƙi wani wurin.

Sannan ku warware wannan kafin haɗuwa ta gaba. Moto mai kilowat 55 yana juyi 2950 a minti a kan tushen kankare, awon lafiyarsa 1.2 mm/s. Nawa ne ninkin gudunsa na biyu a haz, kuma nawa ne tazararsa da 100? In iyaka 1000 Hz ce, tsakanin layi 400 da 800 da 1600 wanne za ku zaɓa don ku raba su? A ina za ku sa iyakar gargaɗi? In akwai tsohon makaniki a wurin, ku roƙe shi ya ba ku sukundirebarsa ku saurari boris ɗin da kuka zana, ku rubuto mana abin da ya ce yana ji.